Zafin Gogayya

Zafin gogayya shi ne ɗumin da ke tasowa idan abubuwa biyu suka gogi juna, ɗaya na motsi a kan ɗaya. Ko abin da ido ke gani sumul yana da ƙananan tudu da kwari a fuskarsa. Idan suka sarƙe suna turjiya, ƙarfin motsin ba ya ɓacewa, rikiɗa yake ya zama zafi. Shi ya sa mutum ke murza tafin hannunsa lokacin hunturu, shi ya sa kuma gari ke fitowa daga injin niƙa da ɗumi.

Birkin mota da wannan yake aiki: yana mayar da gudu zafi. Direban tirela da ya daɗe yana taka birki a gangara zai fara jin ƙauri, daga nan birkin ya rage kamawa, abin da ke jawo munanan haɗurra. Saukowa da ƙaramar giya ta fi aminci nesa ba kusa ba. A cikin inji kuwa, baƙin mai ne ke shiga tsakanin ƙarafa ya rage gugar.

A 1798 Benjamin Thompson ya lura a birnin Munich na Jamus cewa huda bututun igwa na fitar da zafin da har ya tafasa ruwa. A shekarun 1840 James Joule na Ingila ya auna alaƙar aiki da zafi: kimanin jul 4.2 na aiki ke ƙara wa giram ɗaya na ruwa digiri ɗaya a ma'aunin Selsiyos.