Yadda ake ƙara wa kwamfutar tafi-da-gidanka GPS, da irin eriyar da ta dace da ita

Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba sa zuwa da na'urar GPS a cikinsu. Idan taswira ta nuna wa mutum inda yake a kan kwamfuta, galibi kintace ne daga Wi-Fi ko adireshin intanet, kuma a karkara kuskuren kan kai kilomitoci masu yawa. Masu aikin da ke buƙatar sanin wuri daidai, kamar masu ƙidayar rijiyoyi, masu shata burtali da ma'aikatan rigakafi da ke bin rugage, suna iya ƙara wa kwamfutarsu wannan na'ura. Aikin ba shi da wuya, amma wajen zaɓen eriya ne aka fi yin asarar kuɗi.

Me na'urar take karɓa?

GPS mallakar Amurka ne. An harba tauraronsa na farko a 1978, kuma taurarinsa na shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa. Rasha na da nata tsarin mai suna GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo da ya fara aiki a Disamban 2016, Sin kuma na da BeiDou da ta kammala a 2020.

Na'urar sauraro kawai take yi, ba ta aika komai. Saboda haka ba ta buƙatar layin waya ko data, kuma aikinta ɗaya ne a Maradi, Garwa, Injamena ko zangon Kumasi. Sai ta ji aƙalla taurari huɗu kafin ta ƙididdige wuri. Siginar na isowa da rauni ƙwarai bayan wannan doguwar tafiya, shi ya sa ƙaramin kuskure a eriya ke iya hana komai aiki.

Hanyoyi uku na haɗawa

Ta farko, kuma mafi sauƙi, ita ce ƙaramar na'urar da ake sokawa a kafar USB. Eriyarta na cikinta, don haka babu zancen dacewa. Wadda ke da doguwar waya da maganaɗisu ta fi amfani, domin ana iya manna ta a saman mota.

Ta biyu ita ce mai haɗawa ta Bluetooth. Tana da batirinta, ana iya ajiye ta a waje, kwamfutar na ɗaki.

Ta uku ita ce sanya kati a cikin kwamfutar, a gurbin da ake kira M.2 ko mini PCIe. Katunan 4G da yawa, irin su Sierra Wireless EM7455, na ɗauke da GPS. Kafin saye sai a buɗe a duba ko akwai gurbin, da kuma ko an riga an shimfiɗa wayoyin eriyarsa zuwa bayan allon. Wasu kwamfutoci kuma ba sa karɓar kowane kati sai wanda kamfaninsu ya amince da shi.

Abubuwa huɗu da dole su dace

Na farko shi ne zango. Kamar yadda kowace tashar rediyo ke da mitarta, GPS da Galileo na watsa babbar siginarsu a kan megahaz 1575.42, BeiDou a kusan 1561, GLONASS kuma a kusan 1602. Eriyar da aka ƙera don GPS kaɗai na iya toshe siginar GLONASS. Wayoyin Wi-Fi da ke cikin kwamfuta an yi su ne don megahaz 2400 da 5000, don haka ko sun shiga bakin katin, abin da za su kamo kaɗan ne. Farantin talabijin na tauraron ɗan'adam, wanda ake kira parabol a Nijar, Kamaru da Chadi, shi ma ba ya wannan aiki: yana fuskantar tauraro ɗaya ne a zango na daban, alhali taurarin GPS yawo suke yi a faɗin sararin sama.

Na biyu shi ne wuta. Eriya iri biyu ce. Akwai mai ƙaramin injin ƙara ƙarfin sigina a cikinta, wadda ke shan wuta, yawanci bolt 3 zuwa 5, ta cikin wayar da ke kawo siginar. Akwai kuma marar injin, wadda ba ta shan wuta. Idan aka haɗa mai injin da katin da ba ya fitar da wuta, kusan babu abin da za a samu. Idan kuma katin na fitar da wuta aka haɗa shi da wasu marasa injin, wutar na iya haɗewa ta lalata shi. Takardar bayanan kowannensu ce ke warware wannan. Duk inda wayar za ta kai mitoci, mai injin ce ta dace.

Na uku shi ne kan waya. Katunan M.2 na amfani da ɗan ƙaramin kai mai suna MHF4, tsofaffin mini PCIe kuma U.FL, wanda ya ɗan fi girma. Sun yi kama, amma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya, kuma tilasta shi na fasa bakin katin. Eriyoyin waje yawanci SMA ne. A kula da RP-SMA na Wi-Fi: yana ɗauruwa daram, amma allurar tsakiya ba ta haɗuwa. Wayar GPS ohm 50 ce, ta talabijin kuwa 75, don haka bai kamata a sauya ɗaya da ɗaya ba.

Na huɗu shi ne wuri. Rufin kwano, dakalin siminti da jikin mota duk suna tare sigina. Eriya mai faɗi ana kwantar da ita ne fuskarta na kallon sama, kuma ta fi kamawa idan tana kan faifan ƙarfe. A nisanta ta da kafar USB 3.0 da caja marasa inganci, domin hayaniyar lantarkinsu na danne siginar.

Gwaji kafin a tafi daji

Na'urar na aiko da bayananta cikin tsarin NMEA 0183. A Windows tana bayyana a matsayin kafar COM, kuma dole a saita gudun da ya dace, yawanci 4800 ko 9600. A Linux manhajar gpsd ce ke wannan aiki. QGIS, manhajar taswira ta kyauta, na karanta ta kai tsaye. Taswirar kanta sai an sauke ta tun ana da intanet.

A kunnawar farko a fita fili a yi haƙuri. Na'ura mai lafiya na samun wuri cikin kusan minti ɗaya, amma cikakken jadawalin taurarin GPS na ɗaukar minti 12 da rabi kafin ya sauka. Manhajar gwaji na nuna ƙarfin kowane tauraro da lamba. Idan da yawa sun kai 40 ko sama, eriyar ta dace. Idan duka suna ƙasa da 30 a fili, sai a koma kan zango, wuta da kan waya.

Iyakar abin da take iyawa

Irin wannan na'ura kan yi daidai ne cikin mitoci kaɗan. Hakan ya isa a gano rijiya, ruga ko hanya. Bai isa a yanke iyakar gona ko fili tsakanin maƙwabta ba, inda taku biyu ke iya jawo shari'a. Wannan aikin masu safiyo ne da hukumomin filaye, waɗanda kayansu ke auna har zuwa santimita.