Daga Bakin Rafin Gimi Zuwa Gindin Dutsen Wusasa

Duk ranar Lahadi, a majami'un Karu da Nyanya da Gwagwalada, za ka ji ana wa'azi da Hausa tsantsa, ana karanta Littafi Mai Tsarki cikin harshen da ba ya bukatar tafinta. Kaɗan ne daga cikin masu sujadar nan a Abuja suka san cewa saiwar wannan al'ada tana can ƙasar Zazzau, kuma wani ƙaramin ƙauye na bakin rafi, Gimi, ya biya ta da rayuka.

Labarin ya fara ne tun Turawa ba su zo ba. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, har ya tara almajirai. Fada ta ga abin ya wuce gona da iri, aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, da yawansu suka nufi duwatsun Ningi, suna riƙe da wasiyyar cewa wata rana masu cikakken labarin Isa za su zo.

A 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci ayarin mishan na CMS zuwa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Cikin ayarin akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya a 1905. Ya buɗe makaranta da ɗakin magani, amma masu karɓar baftisma ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka iso wurinsa. Nan fa aka yanke shawarar tara su wuri guda, su yi noma, su yi sujada, 'ya'yansu su yi karatu. Aka samu fili a Gimi, a zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, aka ɗora wani limamin coci baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, Rabaran Thompson, ya kula da su.

Duk manomin da ya ga wurin zai yaba zaɓin. Ga ƙasa mai albarka, ga fadama, ga ruwa kusa. Abin da ba a lissafa ba shi ne kurmin da ke bin gaɓar rafi. A irin wannan inuwa mai sanyi ƙudan tsando yake fakewa, musamman da rani, lokacin da ruwa ya janye ya bar 'yan kududdufai, mutum da ƙuda suka koma sha a wuri guda. Mace ta je ɗibar ruwa, yaro ya je wanka, ƙuda ya cije su, ba wanda ya damu. Bayan makonni sai zazzaɓi, sai kaluluwa ta fito a bayan wuya. Daga nan mutum ya fara gyangyaɗi da rana tsaka, wani lokaci da lomar tuwo a hannu, dare kuwa ya gagara runtsawa. Ciwon barci ke nan, kuma a wancan zamani maganinsa sai dai a ce Allah ya sawwaƙe. Cikin 'yan shekaru ya cinye garin, waɗanda suka tsira aka kwashe su zuwa Zariya.

A ganina, wanda bai san Gimi ba ba zai gane dalilin da Wusasa ta zama abin da ta zama ba. Da hukuma da masarauta suka matsa a fitar da mishan daga cikin ganuwar Zariya, sai aka koma Wusasa, a bayan gari, a 1929, a kan tudu, gindin dutse, ana hangen dutsen Kufena. Rabaran Guy Bullen ya tsaya kan ginin majami'ar Saint Bartholomew, wadda magina Hausawa suka ɗora da tubali da azara, da bakan gizo irin na soron fada. Kusa da ita aka kafa asibitin Saint Luke da makaranta. Miller kansa bai so ƙaurar ba, ya tattara ya koma Kano, ya ƙarasa fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932.

Daga wannan 'yar unguwa aka samu Dokta R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da John Tafida na littafin Jiki Magayi. A nan ma Janar Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa yana aikin bishara.

Shi kuwa ƙudan tsando, sai a ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta yi masa taron dangi a yankin Anchau, aka sare kurmin bakin rafuka, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka raɗa masa suna Takalafiya. A lokacin, da yawa daga mutanen Gimi sun daɗe a kabari.