Daura: Rijiyar Kusugu da sauran wuraren tarihi

Daura tsohon birni ne a arewacin Jihar Katsina, daf da iyakar Nijar, wanda tarihin baka ya ɗauka a matsayin tushen Hausa Bakwai.

Rijiyar Kusugu ce ta fi jan baƙi. An ce wata macijiya ce ta hana jama'a ɗiban ruwanta sai ranar Juma'a, har Bayajida ya kashe ta, ya auri Sarauniya Daurama. Masana na jayayya kan ko an taɓa yin Bayajida, amma rijiyar na nan cikin ginin da aka kewaye ta da shi, kuma har yau tana da ruwa.

A fadar sarki ake adana takobin da ake dangantawa da Bayajida. Zuriyar Haɓe ta rasa wannan gadon mulki a zamanin jihadi, sannan Turawan mulkin mallaka suka mayar mata da shi a farkon ƙarni na 20, abin da bai faru a Kano ko Katsina ba. Alhaji Umar Faruk Umar ne ke kan karagar tun 2007.

Mai son ganin hawan dawakai da kayan sarauta sai ya nufi garin lokacin Sallar Gani, a watan Rabi'ul Awwal.