Zoben Haɗin Ƙarafa a Maƙerun Arewacin Kano

Kafin mu shiga batun zobe, ya kamata mu bambance maƙera iri biyu da Bahaushe ya sani. Maƙerin baƙi shi ne mai sarrafa baƙin ƙarfe, mai ƙera fartanya da garma da lauje, kuma shi ya fi yawa a ƙauyukan Dambatta da Bichi da Makoɗa, inda gona ke manne da gona. Maƙerin fari kuwa shi ke aikin azurfa da jan ƙarfe da tagulla, kuma daga hannunsa zobe da awarwaro ke fitowa. A wannan yanki ƙira gado ce, kuma galibi aikin ado sai da rani, bayan an kai amfanin gona rumbu. Wanda ya shige ta don sha'awa kawai, sai ya durƙusa a gaban magada.

Abin da muke nufi da zoben haɗi shi ne zoben da ƙarfe biyu ko uku suka bayyana a jikinsa, kowanne da launinsa. Wannan ya fitar da gauraye, wato a narka ƙarafa su zama abu guda, kamar tagulla, wadda jan ƙarfe ce da tutiya. Haɗin kansa iri biyu ne. Akwai murɗi, inda ake jan kowane ƙarfe ya zama waya, a tufka su kamar igiya, a lanƙwasa, a liƙe bakin. Akwai kuma dashe, inda ake sassaƙa gurbi a jikin azurfa, a kwantar da jan ƙarfe ciki, a daddale da masaba, a goge da magagari.

Wahalar aikin duka tana wurin wuta, domin kowane ƙarfe da zafin da yake narkewa. A ma'aunin Salshiyas, azurfa tana narkewa a 962, jan ƙarfe a 1085, tagulla kuwa tun daga wajen 900. Abin mamakin shi ne, idan azurfa ta haɗu da jan ƙarfe, kashi 72 da kashi 28, sai haɗin ya narke a 779 kacal. Ke nan inda ƙarafan biyu suka taɓa juna nan ne ke fara zubewa, tun sauran zoben bai ji wuta sosai ba. Maƙeri ba shi da ma'auni. Launin ƙarfe yake karantawa a cikin gawayi, yana sassauta zugazugi. Abin liƙin da yake sawa a gaɓa shi ne sinadari, kalmar da masana kimiyya suka ara daga maƙera.

A da, azurfar takan fito daga liyari, kuɗin Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780, wanda fatake suka yaɗa. Yau tsohuwar wayar lantarki ita ce mahaƙar jan ƙarfe.

Addini ma ya yi wa haɗin iyaka. A fiƙihun Malikiyya an halatta wa namiji zoben azurfa da bai wuce nauyin dirhami biyu ba, an hana shi zinariya, an kuma karhanta masa zoben baƙin ƙarfe da na tagulla. Ga kuma jan ƙarfe da ke barin kore a yatsa idan ya sha gumi. Don haka a ganinmu dashe ya fi murɗi, domin a dashe azurfa ce kaɗai ke taɓa fata.