Learned Hand

Billings Learned Hand (27 ga Janairu 1872 zuwa 18 ga Agusta 1961) alƙali ne ɗan Amurka. An haife shi a Albany, jihar New York, ya karanta falsafa da shari'a a Jami'ar Harvard. Shugaba Taft ya naɗa shi alƙalin kotun gunduma ta tarayya a 1909. A 1924 Shugaba Coolidge ya ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, shiyya ta biyu, wadda ya shugabanta daga 1948 zuwa 1951.

Hukuncinsa na 1947 a shari'ar Carroll Towing ya kafa ma'aunin gane sakaci: a auna tsadar rigakafi da yiwuwar aukuwar ɓarna da girmanta. Bai taɓa zama a Kotun Ƙoli ba, amma alƙalanta sun sha kafa hujja da hukunce-hukuncensa.