Ganawar bizar ma'aurata ta Amurka: Wa ke shiga, me ake tambaya, me ke kawo cikas

Duk matar da ta auri ɗan ƙasar Amurka, ko mai izinin zama na dindindin a can, kuma take son tarewa a gidan mijinta, sai ta gurfana a gaban jami'in biza kafin a ba ta izinin shiga ƙasar. Haka abin yake idan matar ce ke Amurka, mijin kuma yana gida Najeriya. Wannan ganawa ita ce matakin ƙarshe na doguwar hanyar da kan ɗauki fiye da shekara guda, amma ita kanta ba ta cika wuce 'yan mintuna ba. Tambayar da ma'aurata suka fi yi idan rana ta ƙarato ita ce: shin wajibi ne miji ya baro aikinsa, ya yanki tikiti, ya zo ya raka matarsa? Amsar ta danganta da inda za a yi ganawar.

Wanda ke halarta

Hanya biyu ce ake bi wajen samun katin izinin zama na dindindin, wanda aka fi sani da Green Card, ta dalilin aure. Ta farko ta shafi wadda ke zaune a wajen Amurka. Ita tata ganawar ana yin ta ne a ofishin jakadanci, kuma ga mazauna Najeriya, ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke titin Walter Carrington a unguwar Victoria Island ta Legas shi ke kula da bizar ƙaura. Ko daga Kano mutum ya fito, ko Sakkwato ko Maiduguri, Legas zai nufa.

A wannan hanya, doka ba ta wajabta wa mijin da ya shigar da takardun ya halarta ba. Mai neman bizar ce kaɗai ake gayyata, kuma abin da ofisoshin jakadanci suka saba shi ne ba sa barin ɗan rakiya ya shiga zauren jira. Akan yi sassauci ga tafinta ɗaya idan mai neman ba ta jin Turanci sosai, da mataimaki ɗaya ga tsoho ko mai buƙata ta musamman ko ƙaramin yaro. Lauya ma ba ya shiga. Saboda haka mijin da ya zo Legas zai iya raka matarsa zuwa bakin ƙofa ne, ya jira a waje. Rashin zuwansa ba ya rage mata komai a idon doka.

Hanya ta biyu ta shafi wadda ta riga ta shiga Amurka ta halastacciyar hanya, take neman a sauya mata matsayi da fom ɗin I-485. Ita hukumar shige da fice ta ƙasar, USCIS, ce ke kiran ta, kuma a nan miji da mata ne suke zuwa tare. Rashin bayyanar mijin ba tare da ƙwaƙƙwaran uzuri ba na iya sa a yi watsi da buƙatar. Idan jami'i ya yi shakka, yakan raba su, ya yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, sannan ya gwama amsoshinsu. Ana kiran wannan tsari ganawar Stokes, sunan da ya samo asali daga wata shari'a da aka yi a New York a shekarun 1970.

Matakan da ke gabanin ranar

Tafiyar tana farawa ne da fom ɗin I-130 da mijin zai aika wa USCIS don tabbatar da cewa akwai aure. Tun daga watan Afrilun 2024, kuɗinsa dala 675 ne idan a takarda aka cike, dala 625 kuma idan ta intanet. Da zarar an amince, sai fayil ɗin ya koma Cibiyar Biza ta Ƙasa, NVC, da ke garin Portsmouth a jihar New Hampshire. A nan ne ake biyan dala 325 na neman bizar da dala 120 na duba takardar ɗaukar nauyi, matar ta cike fom ɗin DS-260, a ɗora kwafin takardu, sannan a jira a sa rana.

Takardar ɗaukar nauyi, wato I-864, alkawari ne da kotu ke iya tilasta cikawa. Dole kuɗin shigar mijin ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci da gwamnatin Amurka ke fitarwa kowace shekara, gwargwadon yawan iyalinsa. Idan bai kai ba, yana iya samun wanda zai tsaya masa. Ana kuma bukatar ya nuna cewa Amurka ce mazauninsa, ko kuma zai koma can da zama kafin matar ta shiga ko tare da ita, sharaɗin da kan zame wa ɗan kasuwar da ya fi zama a gida Najeriya matsala. Wannan nauyi ba ya sauka saboda an rabu. Yana nan har matar ta zama 'yar ƙasa, ko ta cika kimanin shekara goma tana aiki, ko ta bar ƙasar ta ajiye izinin zamanta.

Kafin ranar ganawa sai an yi gwajin lafiya a wurin likitocin da ofishin jakadancin ya amince da su kaɗai. Gwajin ya haɗa da hoton ƙirji don binciken tarin fuka, gwajin jini da duba alluran rigakafi. Sakamakon wani asibiti daban, komai girmansa, ba ya karɓuwa.

Abin da ake riƙewa a hannu

Duk takardar da aka ɗora kwafinta, asalinta ake so a gani ranar ganawa. Sun haɗa da takardar gayyata, fasfo mai sauran wa'adi na aƙalla wata shida bayan ranar da ake shirin shiga Amurka, hotuna biyu masu faɗi da tsawon inci biyu, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, takardar shaidar aure, takardar shaidar hali daga rundunar 'yan sanda, da shaidar ƙarewar duk wani aure da ɗayansu ya taɓa yi. Takardar da aka rubuta da Hausa ko Larabci sai an haɗa ta da fassarar Turanci da mai fassara ya sa wa hannu.

Ya kamata a zauna tun da wuri a gwama sunaye da ranakun haihuwa. Ba baƙon abu ba ne a ga A'ishatu a takardar makaranta, Aisha a fasfo, ko a ga ranar haihuwa ta bambanta tsakanin katin ɗan ƙasa da takardar aure. Gyara irin wannan kafin a sa rana ya fi sauƙi a kan bayaninsa a gaban jami'i.

Inda al'adar aure ke cin karo da dokar Amurka

Ƙa'idar asali ita ce Amurka tana amincewa da duk auren da ya halasta a inda aka ɗaura shi. Don haka auren Musulunci da na gargajiya suna karɓuwa kamar na rajista, muddin akwai shaidar da ta tabbatar da su. Sai dai akwai wurare huɗu da ya kamata ma'aurata daga ƙasar Hausa su lura da su.

Na farko, auren wakilci. A al'ada, waliyyin amarya da wakilin ango ne ke bayarwa da karɓa a gaban shaidu, amarya tana gida, wani lokaci ango ma yana wata ƙasa. Dokar shige da fice ta Amurka kuwa ba ta ɗaukar mutum biyu a matsayin ma'aurata idan ba su kasance tare a wurin ɗaurin auren ba, sai in sun sadu a matsayin miji da mata bayan ɗaurawar. Zaman da aka yi kafin ranar ba ya shiga lissafi. Ke nan angon da aka ɗaura wa aure yana Amurka, sai ya zo sun tare kafin ya shigar da takardu, ya kuma adana hatimin shigowa da ke fasfonsa, tikitin jirgi da hotunan zamansu.

Na biyu, auren mace fiye da ɗaya. Auren farko kaɗai Amurka ke lissafawa. Wanda aka ɗaura alhali na farko yana nan ba ya samar da biza, ko da an rabu da uwargida daga baya, domin halin da ake ciki ranar ɗaurin auren ake dubawa. Dokar ta kuma hana shiga ga duk wanda zai je ƙasar don ya zauna da mata fiye da ɗaya.

Na uku, saki. Sakin baki ko 'yar takardar da miji ya rubuta a gida ba su wadatar da jami'in biza. Sai an samu takardar kotu mai ɗauke da ranar da auren ya ƙare, kuma ranar ta gabaci sabon ɗaurin aure. Idan rasuwa ce ta raba, takardar shaidar rasuwa ake nema.

Na huɗu, auren zumunci. Dokar aure a Amurka ta jihohi ce, kuma wasu jihohin sun haramta aure tsakanin 'ya'yan wa da ƙani. Jihar da ma'auratan za su zauna na iya yin tasiri, don haka wannan wuri ne da ya dace a nemi shawarar lauyan da ya san dokar jihar.

Yadda ganawar ke gudana

Ba a shiga da waya, ko wata na'ura, ko babbar jaka. Bayan binciken tsaro, ma'aikaci zai karɓi takardu, a ɗauki hoton yatsu, sannan a kira mai neman zuwa taga. Jami'in zai rantsar da ita a kan za ta faɗi gaskiya, kana ya fara tambaya.

Abu ɗaya yake son tabbatarwa: an yi auren ne don a zauna tare, ko don a samu takarda? Yakan tambayi yadda suka haɗu, ranar ɗaurin aure da waɗanda suka halarta, aikin mijin da garin da yake zaune, sunayen iyayensa da 'ya'yansa, yaushe suka ga juna na ƙarshe, da yadda suke sadarwa. Auren da iyaye suka haɗa ba laifi ba ne, kuma babu dalilin ƙago labarin soyayyar da ba a yi ba. Abin da aka manta, a ce an manta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman da yake jami'in yana da duk abin da aka rubuta a fom a gabansa.

A nan ne taimakon miji ke da amfani fiye da tsayuwarsa a bakin ƙofa. Shi zai tanadi takardun harajinsa da na albashi na baya-bayan nan, rasit ɗin kuɗin da yake aikowa, tarihin kira da saƙonni, da hotuna tare da dangin ɓangarorin biyu. Ya kuma tabbatar matarsa ta san duk abin da ya rubuta, har da auren da ya taɓa yi da 'ya'yan da yake da su.

Sakamako

Idan an amince, ofishin zai riƙe fasfon ya buga biza, wadda wa'adinta ba ya wuce wata shida. Akwai ƙarin dala 235 da ake biyan USCIS don buga katin. Idan auren bai cika shekara biyu ba ranar shiga Amurka, rukunin CR1 ke nan, katin na shekara biyu ne, kuma sai ma'auratan sun cike fom ɗin I-751 cikin kwana 90 na ƙarshe don a cire sharaɗin. Auren da ya haura shekara biyu yana rukunin IR1, mai katin shekara goma. Matar mai izinin zama wanda bai zama ɗan ƙasa ba tana rukunin F2A, inda ake bin layi saboda an ƙayyade adadin bizar kowace shekara.

Idan aka miƙa takarda mai ɗauke da sashe na 221(g), ma'anarsa akwai abin da ya rage, ko kuma za a ƙara bincike. Ana ba da shekara guda a kawo abin da aka nema. Idan jami'in bai gamsu da auren ba, yana iya mayar da fayil ɗin ga USCIS da shawarar a soke amincewar.

Mafi muni shi ne a kama mutum da takardar jabu ko ƙarya a kan muhimmin batu, domin hukuncinsa haramcin shiga ne na har abada. Auren bogi kuma laifi ne da ke jawo ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyar da tarar da ta kai dala 250,000. Kotu ba ta cika zama mafita ba: a watan Yunin 2024, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Muñoz cewa tsarin mulki bai ba ɗan ƙasa tabbataccen haƙƙin a shigo masa da abokin aurensa ba.

Siyasa ma na da hannu

Cika sharuɗɗa ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. A farkon 2020 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da bizar ƙaura ga 'yan Najeriya, har sai da Joe Biden ya soke umarnin a ranar 20 ga Janairun 2021. A watan Disamban 2025 aka sake sanya Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza, ciki har da ta ƙaura, Nijar kuma cikin waɗanda aka dakatar wa baki ɗaya, matakin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. A irin wannan yanayi, ana iya kiran mutum ganawa amma a ƙi buga masa biza.

Don haka kafin a biya kuɗin gwajin lafiya, ko a yanki tikitin Legas, ko a ajiye aikin gwamnati, ko a sayar da shago, a fara duba sanarwar da ke shafin ofishin jakadancin na intanet. Babu ɗan kamasho da ke da ikon matso da rana ko sauya ra'ayin jami'i, kuma hukumomin Amurka da kansu suna gargaɗin kada a yi shirin tafiya na ƙarshe sai fasfo ya dawo hannu ɗauke da biza.