Asalin Rediyon Al'umma a Karkarar Nijar

Rediyon al'umma, wato ƙaramar tashar da mazauna wani yanki ke gudanarwa da kansu ba domin neman riba ba, ya samo tushe a Jamhuriyar Nijar daga ƙungiyar kulob-kulob na rediyo da aka kafa a 1962. A wancan tsari, mutanen ƙauye kan taru a gindin akwatin rediyo guda su saurari shiri kan noma ko kiwon lafiya, sannan wani jagora, wanda galibi malamin makaranta ne, ya naɗi muhawararsu ya aika Yamai domin a watsa ta, ta yadda manomi ya fara jin muryar ɗan'uwansa manomi a iska.

Gidajen rediyo masu zaman kansu da suka ɓullo bayan Taron Ƙasa na 1991 a birane suka tsaya, don haka karkara ba ta mallaki tashar kanta ba sai a 1999, lokacin da aka buɗe ta Bankilare a jihar Tilaberi, mai aiki da hasken rana, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga nan irinta suka bazu zuwa jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, inda makaɗin gari da bai taɓa taka ɗakin naɗar murya ba ya samu a sa waƙarsa tsakanin cigiyar ɓataccen raƙumi da farashin gero, abin da ya cancanci yabo ƙwarai ganin cewa yawancin ma'aikatan 'yan sa-kai ne marasa tsayayyen albashi.